Kafin Ki Tafi Ƙasar da Ta Girgiza

Gure, Laraba bayan la'asar

Zuwa ga ɗiyata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko cikin motar Damagaram ne, ko a Yamai kina jiran jirgi. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasar da za ki taka, wadda kika ce mini har yanzu ba ta gama motsi ba.

Ke kina ɗaki kina ninke kaya, ni ina tsakar gida ina rubuta miki wasiƙa kamar wadda ke wata duniya. Kwana uku ke nan bakina ya ƙi buɗuwa a gabanki, shi ya sa na ɗauki biro. Maganar da na faɗa miki ranar Lahadi, da na ce in kika tafi ba da yawuna ba, na janye ta. Na janye ta gaban Allah. Kada ki hau jirgi da ita a zuciyarki.

Tsoro ne ya sa na faɗe ta. Kin nuna mini hotuna a salularki, ƙauyuka manne a jikin duwatsu sun zube kamar an taka su, hanya ta tsage, tsofaffi zaune bakin tanti sun rufa da bargo. Kin ce watanni sun wuce da girgizar, an binne waɗanda za a binne, masu ɗaukar hoto sun koma gida, yanzu ne yunwa ke shigowa. Wuraren ajiyar hatsi sun rushe, injin niƙa ya lalace, dabbobi sun mutu a garke, kasuwa ba ta ci, ga sanyi na tafe. Aka ce ana son irinku da suka karanci abincin yara da na mata masu ciki da masu shayarwa. Babanki ya ce Allah Ya ba da sa'a. Ni kuwa na tsorata, kuma ba don ƙasar da ke motsi kaɗai ba. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, ban taɓa gaya wa babanki ba.

Ban san girgizar ƙasa ba. Ƙasarmu rairayi ce, sai dai iska ta ɗebe ta. Amma na taɓa kai abinci garin da ya rushe, na kuma yi ɓarna a can da hannuna. Kin fi ni karatu nesa ba kusa ba, ba zan koya miki awo ko magani ba. Kurakuraina zan ba ki, ki karanta har ƙarshe ko da ranki ya ɓaci da ni.

Kina da shekara uku lokacin. Ina aikin taimakon jinya a wani ƙaramin gidan likita, ƙarƙashin majo Isa, wato babban malamin jinyarmu, mutum mai tsanani amma mai gaskiya. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, mutane na lallaɓa ɗan geron da ya rage ya kai su kaka. Sai a tsakiyar damina aka yi wani ruwa, kwana biyu bai ɗauke ba. Akwai wani ƙauye da ake ce wa Kwarin Goriba. In motarku ta wuce Gidigir ki dubi hannun dama, can bayan tuddan rairayi yake. Ruwa ya gangaro daga tuddai ya taru a kwarin, ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi ya zauna. Ɗakuna, katangu, rumbuna, duk suka kwanta. Geron da ke ciki ya jiƙe, wani ya tsiro, wani ya ruɓe. Mutane suka hau tudu da kayan jikinsu.

Wata ƙungiyar agaji ta ba da kamiyo, wato babbar mota, guda na abinci, aka ce ana neman mace mai jin Barbarci da za ta zauna can ta kula da rabo da kunun yara. Na ce ni ce. Na bar ki wurin kakarki na hau bisa buhuna. Ba zan ɓoye miki ba, da alfahari na tafi. Ga farar riga, ga mutane na ce mini Madam, ina jin kamar ni na noma abin da ke cikin motar.

Ranar farko na sa aka yi layi cikin rana. Masara ce da ba a niƙa ba, da wake, da ɗan mai. Aka shiga turereniya, masu ƙarfi a gaba, yara na kuka, kaina ya ɗau zafi. Sai ga wata doguwar mata da goyo, wadda na tabbata ɗazu na auna mata, ta sake miƙo ƙwarya. Ban tambaye ta komai ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, “Ke ba ki da kunya? Sau biyu? Sauran mutane su ci ƙasa?”

Ta dube ni ta ce a hankali, “Na farkon nawa ne. Wannan na tsohuwar da ke kwance can ne, ba ta gani.”

Ta kife ƙwaryar, ta juya ta tafi. Ban kira ta ba, girman kai ya hana ni. Da yamma wata mata ta ce mini, “Madam, kin san wa kika zaga? Ya Kolo ce. Rumbunsu ne mafi girma a garin nan. Duk bazara rabinmu a ƙofarta muke cin tuwo. Mijinta Bukar katanga ta danne masa ƙafa, yana kwance. Ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba sai yau.”

Ya Kolo ba ta ƙara zuwa layi ba, tsohuwar ma ba wanda ya ƙara karɓa mata.

Falmata, mutanen da za ki tarar a tantuna ba mabarata ba ne. Jiya-jiya suna da ɗaki da murhu da baƙin da suke saukewa. Wanda ya saba bayarwa shi ya fi shan wuyar karɓa, kuma shi ne zai fara ɓacewa daga layi. Kada ki tsawata wa kowa a gaban jama'a, ko da kin ga kamar cuta yake. Ja shi gefe ki tambaya. In an cuce ki mudu guda, ba ki rasa komai ba. Kuma kada ki yarda cewa wanda kika gani a layi shi ne mai yunwa. Mai karaya ba ya zuwa, makaho ba ya zuwa, mai jego ba ta zuwa, mai kunya ba ya zuwa. In an gama rabo ki ɗauki takalmanki ki bi tanti-tanti.

Ni sai rana ta huɗu na yi haka, kuma ba hankalina ne ya kai ni ba, yara ne suka fara zuwa mini da ciwon ciki. Na hau tudun da hantsi, lokacin da ya kamata a ce kowane gida ana girki. Na tsaya na duba, hayaƙi a wuri biyu kawai. Na leƙa wata bukkar zana na ga yara uku sun kewaye kwano suna taunar masara jiƙaƙƙiya, ɗanya. Bukkar gaba ta Ya Kolo ce. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Mijinta na kwance da ƙafa ɗaure da karare. Masarar da na auna mata tana nan a ƙulle a zane, ba a taɓa ba.

Na ce, “Me ya sa ba ku dafa ba?”

Ta ce, “Da me, Madam? Turmina da taɓarya suna ƙarƙashin ginin can. Tukwanena sun fashe. Itace a jiƙe yake. Kin kawo mana hatsi, Allah Ya saka. Da haƙori za mu niƙa?”

Kwana huɗu ina barci da tunanin na ciyar da gari, ashe na raba musu abin kallo ne. A ranar na roƙi maza suka tone baraguzai aka fito da turmi biyu da ba su tsage ba. Babbar tukunyar da na zo da ita don kunun yara muka mai da ita ta kowa, ana girki sau biyu a wuni.

Inda za ki abin zai fi haka tsanani, don dutse da siminti ne suka danne musu kaya, ba laka ba. Buhu a ƙofar tanti ba abinci ba ne sai ya dahu ya shiga ciki. Kafin ki sauke komai ki tambaya: da me kuke niƙawa, a me kuke dafawa, ina wuta, ina ruwa, ina gishiri? Me yaranku suka saba ci? Mata za ki tambaya, kuma ba a gaban maza ba, don a gabansu za su ce komai lafiya. Kowace safiya ki fita ki duba inda hayaƙi ke tashi. Tantin da ba hayaƙi, nan aikinki yake.

Yanzu na zo kan abin da ban taɓa faɗa ba.

Goyon Ya Kolo namiji ne, sunansa Ari, watansa huɗu. A ranar da na shiga bukkarta yana ta kuka, tana sa masa nono yana saki. Ta ce tun ranar da ɗaki ya faɗi nononta ya ja baya. Ba mamaki, kwana nawa ba ta ci abin kirki ba, ɗan abin da ta samu mijinta da tsohuwar nan take ba. Cikin kayan da aka ba ni akwai gwangwanayen madarar gari. Majo Isa ya ja mini kunne tun kafin in taso, ya ce, “Hadiza, madarar nan cikin kunun manyan yara za ta, a tukunyarki, da ruwan da ya tafasa. Kada ki ba kowa gwangwani ya kai gida. Kada ki ba jariri.” Na ce to.

Amma zagin da na yi mata yana cina. Ina son in ba ta wani abu babba da zai wanke ni a idonta. Na koma na ɗauko gwangwani guda na ɓoye cikin mayafi, har da wani bibiro, kwalbar shayar da jarirai, da na tarar cikin kayan. Na ce mata, “Nononki ya ƙafe, kada ki wahalar da yaro. Ga wannan, irin ta ƴaƴan birni ce.”

Ta juya gwangwanin a hannu ta ce, “Mu ba mu saba ba.”

Na ce, “Ni ce ma'aikaciyar lafiya. Ki dama ki ba shi.”

Ta yarda saboda farar rigata. Ban tambaye ta inda take ɗibar ruwa ba. Rijiyar garin ruwan sama ya cika ta da duk ƙazantar da ya kwaso daga gidaje da makewayi. Itacen tafasa ruwa babu, sabulun wanke kwalba babu. Yaro ya karɓi bibiro ya sha ya yi barci, na fito ina jin daɗi. Da ya samu kwalba sai ya ƙi nono gaba ɗaya, da ya daina tsotsa sai nonon ya ƙara ja baya. Kwana biyu zawo ya kama shi.

Na san kin san wannan a takarda, kin ci jarrabawa a kansa. Amma takarda daban, uwa na kuka a gabanki da jariri daban. Inda za ki madarar gwangwani za ta zo da yawa, masu kirki daga nesa ita suke fara aikowa. Mata za su ce miki firgita ta ƙafar musu da nono, kuma da gaske suke ji. Kada ki ce wa mace nononta ya ƙare. Ki nema mata wurin da ba idon maza, ki zaunar da ita, ki ba ta abinci da ruwa mai kyau, ki sa ta ci gaba da sa yaro a ƙirji ko da yana saki. Uwar za ki ciyar. In jariri ya rasa uwa ɗungum, wannan wata magana ce, kuma ko a nan ki tsaya a kan ruwan da kwanon da kanki. Sannan ki kiyayi kyautar da kike yi don ki ji sanyi a ranki. In kin ɓata wa mutum, ki buɗe baki ki ce ki yafe mini. Da na faɗi kalmomin nan uku ranar, da ban ɗauko gwangwani ba.

Ba nan na tsaya ba. Rana ta biyu da fara zawon, majo Isa ya zo bisa babur duba mu. Ya zagaya, ya leƙa tukunya, ya ce, “Akwai yaron da ya ba ki tsoro?”

In na nuna masa Ari zai ga bibiro, zai san na karya umarninsa, ƙila ya mai da ni gida da kunya. Na ce a raina ai na fara ba shi ruwan gishiri da sukari, gobe zai warware. Na ce, “Babu, majo. Ɗan ciwon ciki ne na masara, ya yi sauƙi.”

Ya dube ni ya ce, “Kin tabbata?”

Na ce, “Na tabbata.”

Ya hau babur ya tafi. Ina tsaye ina kallon ƙurarsa, ƙafata na son ta bi shi, ban motsa ba. Da a ranar ya ɗauki uwa da ɗa a bayansa, kafin azahar suna gidan likita.

Washegari da sassafe Ya Kolo ta zo inda nake, karo na farko da ta tako wurina da kanta. Ta buɗe zane. Idanun yaron sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, kuka ma ba ya iyawa. Duk abin da na ɗura masa sai ya dawo. Muka nemi amalanken shanu, ni da ita da ƙanen mijinta mai kora. Rairayi ya jiƙe, ƙafafun amalanke na nutsewa, mu sauka mu tura mu hau. Ina ɗiga masa ruwa da cokali, ina kallon rana na hawa, ina cewa a yi sauri. Har mun fara jin ƙugin manyan motoci a kan kwalta, sai Ya Kolo ta dafa hannuna da ke riƙe da cokalin ta ce, “Bari haka, Madam.” Ta ja zane ta rufe masa fuska. Ta ce wa mai kora, “Juya.”

Ba ta yi kururuwa ba. Muka koma kwarin aka binne shi.

Ɗiyata, za ki yi kuskure a can. Ba fata nake miki ba, duk mai aiki cikin gaggawa da gajiya sai ya yi. Ranar da kika yi, ki faɗa a take, ga wanda zai iya gyarawa, ko da zai ci miki mutunci a gaban kowa, ko da za a sa ki a jirgi a dawo da ke Gure. Zan tarbe ki a tasha da murna. Madarar ta sa Ari ciwo, amma shiruna ne ya hana shi magani. Shekara ashirin da wani abu ke nan, ban taɓa jin ƙarar babur na nisa ba tare da tuna wannan “na tabbata” ba.

Bayan kwana biyu aka sake yin ruwa mai ƙarfi, hanyar da ke shigowa kwarin ta yanke. Kamiyo na biyu ya kafe a nesa ya koma. Buhunan da ke hannuna suka yi ƙasa, na rage awo, na sake ragewa, ranar nan na zazzage na ƙarshe. Mutane suka fara taruwa bakin rumfata suna kallona. Wani dattijo ya ce, “Madam, yaushe motar za ta zo?” Na ce gobe. Gobe ta yi na sake cewa gobe. A rana ta uku wani magidanci ya shiga rumfar ya ɗaga tabarmata yana neman abin da na ɓoye. Ban ɓoye komai ba, ni ma wuni biyu ruwa nake sha. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi, don ban san wani abinci ba sai wanda mota ke kawowa.

Ya Kolo ce ta tashi. Ko mako biyu ba a yi da binne ɗanta ba. Ta ɗaura ɗamara ta bi bukkoki tana kiran mata da sunayensu. Suka bazu cikin kwari da gefen gonaki, suka dawo da ganyen tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya. Tsofaffi suka nuna inda anza take, aka jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Aka daka goriba aka yi wa yara. Masu awakin da suka tsira ta sa suka riƙa kawo nonon wuri ɗaya, a tafasa a tukunyata a raba wa ƙanana da masu ciki. Ni da a makon farko na hana mata ba yara ganyen nan, na ce ciyawa ce za ta ɓata musu ciki, ina zaune ina kallo ana yin aikina ba da ni ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Motar agaji tana zuwa, tana kuma daina zuwa, balle a ƙasar da dutse ke gangarowa ya toshe hanya duk lokacin da ƙasa ta sake motsi. Kada ki yi alkawarin ranar da ba a hannunki take ba. In ba ki sani ba ki ce ban sani ba, mu zauna mu ga abin da ke akwai. Mutanen can sun san duwatsunsu kamar yadda matan Kwarin Goriba suka san kwarinsu. Tun ranar da kika isa ki nemi tsofaffin mata ki tambaye su abin da kakanninsu ke ci in shekara ta ɓaci, abin da ake shanyawa, abin da ake tonowa. Kada ki raina abin da ba ki san sunansa ba. Kuma ki sa ido kan abin da zai tsaya bayan tafiyarku: irin shuka kada a cinye shi, akuyar da ta rage kada a yanka ta, mai niƙa ya koma niƙa, mai gashin burodi ya tada murhunsa, mai talla ta koma kasuwa. A kowane gari akwai irin Ya Kolo. Ki nemo ta da wuri, ki tsaya a bayanta.

Da la'asar ɗin ranar da aka fara dafa tafasa, ina cikin rumfa jiri na ɗibata, sai ga Ya Kolo da ƙwarya. Ta ajiye a gabana ta ce, “Ci.”

Na kasa kai hannu. Na ce, “Ya Kolo, ni na kashe miki ɗa. An hana ni ba da madarar nan na ba ki. Majo ya zo ya tambaya na ce babu mara lafiya. Da na faɗa da an tafi da shi.”

Ta ce, “Ina bayan zana lokacin da ya tambaye ki. Na ji abin da kika ce masa.”

Na ce, “Me ya sa ba ki fito ba?”

Ta ce, “Na ɗauka kin fi ni sani. Wannan nawa laifin ne, da shi nake kwana. Naki kuma ki ji da shi, ke da Allah. Kwanan Ari ya ƙare, amma ba zan ce miki ba ki yi komai ba.” Ta tura ƙwaryar gabana ta ce, “Ci, don ina da aiki da ke. Aisa matar maƙeri nononta ya fara ja baya, ɗiyarta wata biyu. Tana tambaya ko akwai sauran gwangwani. Ke za ki je ki gaya mata abin da gwangwani ya yi. Daga bakinki za ta fi ji.”

Na ci ina hawaye. Na tashi na tafi bukkar Aisa, na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba. Kwana tara ina zuwa wurinta safe da yamma da kwanon tafasa da nonon akuya, in zauna har ta cinye, in sa ta mai da yarinyar ƙirji duk lokacin da ta saki. A rana ta biyar yarinyar ta tsotsa har nono ya zubo ta gefen bakinta. Aisa ta yi dariya, ni na fita waje don kada ta ga fuskata. Da hanya ta buɗe majo Isa ya zo, na same shi kafin ya sauka daga babur na gaya masa. Bai zage ni ba. Ya ce in gama aikin da na fara, amma bai ƙara aikena wani gari ni kaɗai ba, kuma gaskiyarsa.

Na bar Kwarin Goriba da aka fara gasa tumu daga gonakin tudu da ruwa bai ci ba. Ya Kolo ta rako ni har bakin amalanke. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, na ga ban kai ba. Ta dai ce, “Ki gai da ɗiyarki.” Ke ke nan. Yau na isar da gaisuwar.

Sauran magana kaɗan ce. Kada ki kwana ƙarƙashin ginin da ya tsage, ko an ce miki ya yi ƙarfi, kuma kada ki yarda a ajiye abincin mutane a cikinsa. In ƙasa ta motsa ki fita fili, kada ki koma ɗauko komai. Ki ci abincinki a kan lokaci, ba rowa ba ce, wadda ta faɗi ba ta ciyar da kowa. Ki tafasa ruwan da za ki sha. Ki riƙe sallarki ko a ina ta same ki. In kin kira ni ki faɗa mini gaskiyar halin da kike ciki, kada ki ce lafiya lau don ki kwantar mini da hankali, zan ji a muryarki.

Ya Allah, ga Falmata nan na ba Ka ajiya. Ka tsare ta daga abin da ke faɗowa daga sama da abin da ke tsagewa a ƙasa. Ka sa hannunta ya zama sanadin rayuwa, Ka ba ta kunnen sauraro da bakin faɗin gaskiya. Ka ƙosar da mutanen da za ta je wa, Ka mayar musu da gidajensu da gonakinsu. Ka jiƙan Ari ɗan Bukar. Ka dawo mini da ɗiyata da ƙafafunta. Amin.

Ki sauka lafiya. Na yarda ki tafi, Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Hadiza